Aflatoksin a cikin masara da haɗarin sankarar hanta

Aflatoksin guba ce da wasu nau'o'in funfuna ke fitarwa, musamman Aspergillus flavus da Aspergillus parasiticus, waɗanda ke zaune a ƙasar gona suna kama masara, gyaɗa, dawa da barkono. An gano ta bayan wata annoba da ta kashe 'yan talotalo kimanin dubu 100 a Ingila a 1960, inda bincike ya nuna cewa tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Burazil ce silar mutuwarsu. Manyan nau'o'inta huɗu ne: B1, B2, G1 da G2. B1 ta fi yawa, ta kuma fi illa. Idan saniya ta ci gurɓataccen abinci, jikinta kan mayar da gubar zuwa M1, wadda ke fitowa a madara.

Funfunar tana shiga masara tun a gona, musamman idan fari ya galabaitar da shuka ko tsutsa ta huda goyo. Amma ɓarnar ta fi yawa bayan girbi: a shanya masara a ƙasa, a zuba ta buhu ko rumbu ba ta gama bushewa ba, zafi da laima su haɗu a kanta. Gubar ba ta da wari ko ɗanɗano, kuma tsabar da ta yi kyau a ido na iya ɗauke da ita. Wuta ma ba ta kashe ta, don haka tuƙa tuwo ko dama koko ba ya raba garin da ita.

Illar tana zuwa ta fuska biyu. Idan aka ci da yawa lokaci guda, hanta na lalacewa cikin 'yan kwanaki, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura. Haka ta faru a gabashin Kenya a 2004, a yankunan Makueni da Kitui, inda mutum 317 suka kamu, 125 suka rasu, bayan sun ci masarar da suka noma da hannunsu. Irin wannan ba kullum ba ne. Wanda ya fi zama ruwan dare shi ne cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, musamman a gidan da masara ce abincin safe da na dare.

A cikin hanta ne B1 ke rikiɗa ta zama wani sinadari mai manne wa ƙwayar halitta. Takan lalata ƙwayar gadon da ake kira TP53, wadda aikinta shi ne hana ƙwayoyin jiki hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka ne Hukumar Binciken Sankara ta Duniya da ke Liyon, Faransa, ta sanya aflatoksin a rukuni na ɗaya, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara. Wani ƙiyasi na 2010 ya danganta tsakanin kashi 5 zuwa 28 cikin ɗari na sankarar hanta a duniya da wannan guba. Abin ya fi muni ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, domin haɗarinsa ya ninka na wanda ba shi da cutar kusan sau 30. Yammacin Afirka kuwa duka biyun sun yi masa yawa. A Cidon ta ƙasar Sin, sankarar hanta ta ragu sosai bayan mutane sun koma cin shinkafa a madadin masara tun daga shekarun 1980.

Amurka ta ƙayyade cewa kada gubar ta wuce maikurogiram 20 (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowane kilo na abinci, Tarayyar Turai kuma 4 a hatsin da za a ci kai tsaye. Sai dai masarar da aka noma aka ci a gida, ko aka saya da kwano a kasuwar ƙauye, ba ta bi ta ɗakin gwaji ba.

Ana rage gubar ta hanyar girbi a kan kari, shanya a kan tabarma ko tamfol har danshi ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari, da tsince ruɓaɓɓiyar tsaba kafin niƙa. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, ƙwayar dawa da aka lulluɓe da funfunar da ba ta fitar da guba. Ana watsa kilo 10 a hekta makonni biyu zuwa uku kafin masara ta yi fure, sai ta mamaye gonar ta rinjayi mai gubar. Allurar rigakafin ciwon hanta B, wadda Najeriya ta sanya cikin jerin alluran yara a 2004, tana toshe ɗaya ɓangaren haɗarin.