Wankin ƙafa: me Kirista ke nufi da shi?

Idan makon Ista ya kama, za ka ji Kirista suna maganar wankin ƙafa, wani lokaci har ka ga hoton limamin coci a durƙushe gaban mutanensa, da daro da tawul. Ana yin haka a ranar Alhamis Mai Tsarki, jajibirin ranar da ake tuna gicciye Yesu. Amma a bakin masu bi, kalmar ta wuce bikin. Idan aka ce wani shugaba yana wanke ƙafafun jama'arsa, ana nufin yana yi musu hidima da tawali'u, yana ɗaukar aikin da kowa ke gudu.

Asalin abin yana cikin Bisharar Yohanna sura 13. Yesu na cin jibi na ƙarshe da almajiransa a Urushalima, gab da Idin Ƙetarewa, babban idin Yahudawa. A ƙasar Yahudiya ta wancan zamani mutane na yawo da takalma buɗaɗɗu a kan turɓaya, don haka baƙo in ya shigo gida sai a kawo masa ruwa ya wanke ƙafa. A gidan mai hali, bawa ne ke yin wannan aiki. Bisharar Luka ta ba da labari cewa a daren nan ma almajiran sun yi gardama kan wane ne babba a cikinsu. Ana cikin cin abinci sai Yesu ya tashi, ya tuɓe rigarsa ta sama, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana wankewa yana sharewa.

Da ya iso kan almajirinsa Bitrus, Bitrus ya ƙi. Ni dai ina ganin duk Bahaushe zai fahimci Bitrus. Mun tashi mun tarar ƙarami ne ke durƙusa wa babba, ɗalibi ne ke ɗaukar wa malaminsa buta. A ce malamin ya sunkuya ya kama ƙafarka mai kaushi da faso, ai kunya kaɗai ta isa ta sa ka janye. Yesu ya ce masa in bai wanke shi ba, ba shi da rabo tare da shi. Nan take Bitrus ya ce to a haɗa har da hannu da kai. Wannan ɓangaren ba a cika yin wa'azi a kansa ba, alhali yana da nauyi: akwai girman kan da ke hana mutum yi wa wani hidima, akwai kuma wanda ke hana shi yarda a yi masa. Mutum na fama da rashi ko ciwo, amma ya gwammace ya ɓoye da a ce 'yan'uwa sun ga gazawarsa.

Sai kuma Yahuza Iskariyoti, almajirin da ya ci amanar Yesu. Yohanna ya faɗa a fili cewa Yesu ya san wanda zai bashe shi, kuma a yadda labarin ya zo, Yahuza bai fita ba sai bayan an gama wankin. Bayan fitarsa ne Yesu ya ba su sabon umarni: su ƙaunaci juna kamar yadda ya ƙaunace su, da haka ne kowa zai gane su almajiransa ne.

Ikilisiyoyi sun bambanta kan yadda za a bi wannan misali. A cocin Katolika fada, wato limamin coci, ne ke wanke ƙafafun wasu zaɓaɓɓu, galibi goma sha biyu. A 2013 Paparoma Francis ya yi nasa a gidan yarin matasa na Casal del Marmo a birnin Roma, cikin waɗanda ya wanke wa har da 'yan mata da Musulmi. A 2016 kuma ya je sansanin 'yan gudun hijira na Castelnuovo di Porto, inda 'yan Najeriya huɗu suka shiga sahun. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda aikinta ya fara a Garkida a 1923, ta gaji wankin ƙafa daga ƙungiyar Kirista ta 'Yan'uwa da ta kafu a Jamus a 1708. A al'adarsu kowa na wanke wa na kusa da shi, shi ma a wanke masa, a ci abinci tare, sannan a karɓi Jibin Ubangiji, wato gurasa da abin sha na tunawa da mutuwar Yesu. Wasu ikilisiyoyi da yawa kuwa ba sa yin bikin, suna cewa Yesu hali ya koyar, kuma halin ake so a gani kullum.

Ban ga laifin kowane ɓangare ba. Abin da ke damuna shi ne shugaban da zai durƙusa da daro sau ɗaya a shekara, sauran kwanaki kuma gwauruwa ta yi ta sintiri ba ta samu ganinsa ba. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti sura 5, ya lissafa ayyukan da ake shaidar gwauruwa mai bi da su, ya sa wanke ƙafafun tsarkaka, wato 'yan'uwa masu bi, a jere ɗaya da renon yara, saukar baƙi da taimakon masu shan wahala. Duk ayyukan cikin gida ne, waɗanda ake yi ba tare da an tara jama'a ba.