Waiwaye kan Fallout 76: faɗuwarsa, farfaɗowarsa da ɗingishin da ya rage

Burin mayar da Fallout wasan taron jama'a a intanet ya girmi Fallout 76 da shekaru. Kamfanin Interplay ne ya fitar da wasan kwamfuta na Fallout na farko a 1997. Da ya sayar wa kamfanin Bethesda haƙƙin mallakar sunan a 2007, sai ya riƙe wa kansa izinin yin na intanet. Aikin bai kai ko'ina ba, aka shiga kotu, aka sasanta a Janairun 2012, izinin ya koma hannun Bethesda. Shekara shida bayan haka, ranar 14 ga Nuwamban 2018, Fallout 76 ya fito a kwamfuta da PlayStation 4 da Xbox One, a kan dala 60.

Labarin a jihar West Virginia ta Amurka yake, cikin shekarar 2102, wato shekara 25 bayan yaƙin nukiliya ya share duniya. Ɗan wasa yana fitowa daga mafakar ƙarƙashin ƙasa mai lamba 76, a ce da shi ya je ya sake gina ƙasa. Kowace duniya tana ɗaukar mutum 24 ne kawai, a fili da ya ninka na Fallout 4 sau huɗu. Wanda zai fahimci ƙarfin wasan da rauninsa sai ya riƙe abu ɗaya a ransa: an gina shi ne a kan Creation Engine, injin da aka ƙera domin mutum ɗaya a kwamfutarsa, sannan reshen Bethesda da ke birnin Austin ya ɗora masa tsarin intanet daga baya. Yawancin matsalolin da suka biyo baya daga nan suka samo tushe.

Misali mafi sauƙi shi ne gudu. A wannan injin, motsin abubuwa yana ɗaure da yawan hotunan da allo ke nunawa a daƙiƙa. Tun lokacin gwaji, a Oktoban 2018, masu kwamfuta suka gano cewa idan suka cire iyakar hotunan, suka kalli ƙasa, sai su riƙa gudu fiye da kowa. A wasan mutum ɗaya wannan abin dariya ne. A wasan da ake faɗa da juna kuwa maguɗi ne. Haka ma ninka kaya: an yi ta gano dabarun da ke sa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da duniyar, ta ƙirga abu ɗaya sau biyu, har kasuwar 'yan wasa ta cika da makaman da ya kamata a ce sun yi wuyar samu. A Janairun 2019 wasu suka kutsa ɗakin gwaji na masu ƙira, inda aka jibge kowane kaya na wasan, suka kwaso.

Sai akwatin ajiya, wanda ya fi komai ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Rabin wasan nan sana'ar jari-bola ce: ka tsinci fankar tebur da tafireta don kusoshi masu murɗi, ka kwashi ƙarafan ɗaga nauyi a ɗakin motsa jiki don darmar yin harsashi, ka farfasa su a teburin aiki. Amma akwatin da za ka zuba duk wannan laba 400 kaɗai yake ɗauka da farko, kimanin kilo 180. Dalilin da kamfanin ya bayar na fasaha ne, cewa kowane abu da aka ajiye nauyi ne a kan uwar garke. An ɗaga iyakar zuwa 600 a Disamban 2018, zuwa 800 a farkon 2019, sannan zuwa 1,200 a Janairun 2021. Har yau sabon shiga yakan cika akwatinsa da manyan bindigogi da harsasan da ba ya amfani da su, alhali maganin shi ne ya farfasa tarkace kafin ajiya, ya sayar ko ya zubar da abin da bai dace da tsarin jaruminsa ba.

Babban kuskuren ƙira dai ba na inji ba ne. Shawara ce aka yanke da gangan, cewa duk ɗan Adam ɗin da ka gani a wasan mutum ne na gaske. Saboda haka babu ko mutum ɗaya na kwamfuta da za ka yi magana da shi. Mutum-mutumi ne, da takardu, da faifan muryar waɗanda suka riga suka mutu. Kowane aiki aka ba ka, ka san ƙarshensa gawa za ka tarar. Ga jerin wasannin da aka san su da zaɓin magana da sakamakon zaɓi, wannan cire zuciya ne. Mutum 24 a fili mai faɗin nan kuma ba sa cike gurbin, don sai ka yi sa'a guda kana yawo ba ka haɗu da kowa ba. Masu sharhi suka yi masa ca, makinsa a Metacritic, shafin da ke tattara makin masu sharhi, ya tsaya a wajen 50 cikin 100, farashinsa ya karye cikin makonni.

Abin da ya faru a wajen wasan ya ƙara dagula lamarin. Masu sayen bugu na musamman na dala 200 an yi musu alkawarin jakar kanbas, aka aiko musu ta leda mai araha. Da suka yi ƙorafi, diyyar farko da aka ba su ita ce Atom 500, kuɗin cikin wasa da bai wuce dala 5 ba. Daga baya aka yarda za a aika ta gaskiyar, sai kuma shafin karɓar koke ya samu matsala, wasu suka riƙa ganin bayanan wasu. A Nuwamban 2019 hukumar kare masu saye ta Ostireliya ta sa ZeniMax, uwar kamfanin Bethesda, ta amince ta mayar da kuɗi ga waɗanda aka hana a baya.

Duk da haka, akwai abubuwa biyu da suka yi kyau tun ranar farko, kuma su suka riƙe wasan. Na ɗaya taswira. Yankuna shida ne a lokacin, kowanne da launinsa da haɗarinsa, daga dajin farawa mai ganyen kaka zuwa yankin ma'adinai mai toka inda sai da takunkumin numfashi. An ɗauko wurare na gaske: ginin majalisar Charleston, gadar New River Gorge, garin Harpers Ferry, da Point Pleasant mai almarar dodon Mothman. Otal ɗin Whitespring na wasan an kwaikwayo shi ne daga Greenbrier, wanda da gaske akwai maɓoyar 'yan majalisar dokokin Amurka a ƙarƙashinsa, sirrin da ya fito fili a 1992. Na biyu jama'ar wasan. An ji tsoron za a riƙa farautar sababbi, amma tsarin faɗan ya hana: harbin wanda bai rama ba kusan ba ya yi masa komai, akwai kuma maɓallin zaman lafiya. Abin da ya zama al'ada shi ne tsofaffin 'yan wasa su tsaya a bakin mafaka suna ajiye wa sababbi magani da ruwa da harsashi.

Gyaran bai zo a miƙe ba. A 2019 an gwada yanayin faɗa na Survival, aka rufe shi a shekarar. An kawo Nuclear Winter, inda mutum 52 ke fafatawa har saura ɗaya, aka rufe shi a Satumban 2021. A Oktoban 2019 kuma aka fito da Fallout 1st, rajistar dala 12.99 a wata ko 99.99 a shekara, mai ba da duniya ta kashin kai da akwatin tarkace marar iyaka. Nan ne suka ya fi cancanta. Shekara guda ana cewa ajiya na wahalar da uwar garke, sai ga ajiyar tarkace marar iyaka ga wanda ya biya. A fasahance akwai hujja, tunda tarkace lissafi ne kawai na nau'o'i ƙalilan, ba kamar bindiga mai gyare-gyare ba. Amma hujjar ita kanta ta nuna ana iya bai wa kowa.

Juyin gaske shi ne sabuntawar Wastelanders, ranar 14 ga Afrilun 2020, ranar da wasan ya shiga Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet. Mutanen kwamfuta suka dawo, da zaɓin magana, da ɓangarori biyu: masu kafa gari a Foundation da 'yan fashi a Crater. A Satumban shekarar aka sa ƙarfin maƙiya ya riƙa daidaita da matakin kowane ɗan wasa, don sabo da tsoho su iya fita tare. A Afrilun 2021 aka ba da damar sauya tsarin jarumi ba tare da dogon wahala ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: halaye bakwai ne jarumi ke da su, a lokacin ana samun maki ɗaya a kowane mataki har zuwa na 50, kowace halayya ba ta wuce 15, kuma a da wanda ya raba makinsa ba tsari sai ya yi ta hawa matakai yana matsar da su ɗaya-ɗaya. Daga nan aka yi ta ƙari, sababbin wurare irin su The Pitt a 2022, Atlantic City a 2023, faɗaɗa taswira zuwa kudu a Yunin 2024, da damar zama ghoul, wato mutumin da tururin nukiliya ya sauya wa halitta, a Maris 2025. Shirin talabijin na Fallout da Amazon ta fitar a Afrilun 2024 ya jawo ambaliya, har kamfanin ya ce sama da mutum miliyan ɗaya sun shiga wasan a rana ɗaya.

Harba nukiliya ya kasance abin da babu irinsa a wani wasa. Sai ka harbo jirgin dakon kaya marar matuƙi ka samu kati, ka ratsa ɗaya daga rumbunan makamai uku, Alpha ko Bravo ko Charlie, ka shigar da lamba mai alƙaluma takwas, ka zaɓi inda zai faɗa. Idan ka saita shi kan wurin da ake kira Fissure Site Prime, sarauniyar dodannin jemage za ta fito, duk wanda ke duniyar ya garzayo. An so mutane su riƙa tattara guntayen lambar suna warware ta, amma da yake lamba ɗaya ce ga kowa a mako, ana wallafa ta a intanet da zarar ta sauya, wannan ɓangaren ƙirar ya mutu.

Raunin da ya rage yana ƙarshen wasa ne. Bayan an gama labari, abin da ke gaba maimaici ne mai ƙa'idar yini: murfin kwalba shi ne kuɗin wasan, 'yan kasuwar kwamfuta kuma kayan murfi 1,400 kaɗai za su saya a hannunka a rana, aljihu ba ya wuce 40,000, zinare da sauran kuɗaɗen musaya su ma kowanne da iyakarsa. An tsara shi ne don ka dawo gobe. Zaɓin da ka yi a labari ba ya sauya duniyar, tunda ta mutum 24 ce, don haka manyan yanke shawara a cikin ɗakuna na keɓe suke faruwa. Babu hira ta rubutu, sai murya da alamun hannu. Babu kuma wasa in babu intanet, ko da kai kaɗai kake son yawo. Layi mai tsinkewa yana jawo ka harbi maƙiyi jininsa ya ragu ya sake cikowa, ko a fitar da kai ana tsakiyar babban faɗa. Ga mai sayen data da awo, girman wasan gomman gigabait ne, sabuntawa kuma dole ce kafin a bar ka ka shiga.