Fina-finan ban tsoro a lokacin Halowin

Kallon fina-finan ban tsoro a watan Oktoba al'ada ce da ta yi ƙarfi a Amurka da Kanada, daga can kuma talabijin da intanet suka kai ta wasu ƙasashen. Tana tafiya ne da bikin Halowin na daren 31 ga Oktoba. Da watan ya kama, gidajen sinima da tashoshin talabijin kan cika jadawalinsu da labaran fatalwa, mayu, masu shan jini da makasa masu rufe fuska. A 'yan shekarun nan an ƙara da fina-finan da aka gina kan kisan da ya faru da gaske.

Asalin bikin

Halowin jajiberen ranar tunawa da waliyyai ne a kalandar Kiristocin Yamma, ranar da ke faɗowa 1 ga Nuwamba. Masana da dama suna danganta wasu al'adunsa da Samhain, tsohon bikin ƙarshen girbi na mutanen Ayaland da Sikotland. Masu ƙaura daga waɗannan ƙasashe ne suka ƙarfafa shi a Amurka a ƙarni na 19, inda aka koma fafe kabewa, a yanka mata ido da baki, a kunna kyandir a ciki. Bikin ya girmi sinima nesa ba kusa ba. Ƙulla su wuri ɗaya, galibi, aikin 'yan kasuwa ne.

Yadda fim ya shigo

Da dama daga cikin fitattun fina-finan tsoro na farko ba su da wata alaƙa da Oktoba. Dracula ya fito a Fabrairun 1931, Frankenstein a Nuwamban shekarar, The Exorcist kuwa ranar 26 ga Disamban 1973, kashegarin Kirsimeti. Wanda ya ɗaure auren shi ne Halloween na John Carpenter, da aka saki a Oktoban 1978.

An yi fim ɗin da kusan dala 300,000, ya kuma mayar da miliyoyi masu yawa. Ƙarancin kuɗin har ya zama tarihi. Fuskar da makashin ke sawa abin rufe fuska ne na roba mai kamar ɗan wasa William Shatner, an sayo shi a kanti a kan farashin da bai kai dala 2 ba, aka fesa masa farin fenti, aka faɗaɗa ramukan idanun. Labarin yana faruwa ne da kaka a jihar Ilinoi, alhali da bazara aka ɗauke shi a Kalifoniya, itatuwa shar da ganye. Sai ma'aikata suka riƙa watsa ganyen da aka rina a titi, in an gama ɗauka a tattare shi a buhu don fitowa ta gaba. Kiɗan da ke ta da tsikar jikin masu kallo ma Carpenter ne ya tsara da kansa.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Jerin fina-finan Saw ya riƙa fitowa kowane Oktoba daga 2004 zuwa 2010, shirin The Simpsons kuma yana yin kashi na musamman na tsoro duk shekara tun 1990. Hocus Pocus na 1993 bai yi kasuwa ba da ya fito a watan Yuli. Maimaita shi a talabijin kowane Oktoba ne ya tashe shi.

Labaran kisan gaske

Tsakanin ƙagaggen tsoro da laifin gaske akwai tsohuwar gada, sunanta Ed Gein. A Nuwamban 1957 'yan sanda suka shiga gidan gonarsa a Plainfield, jihar Wiskonsin, suka tarar da kayan gida da ya haɗa da fata da ƙasusuwan mutane. Ya amsa kashe mata biyu da tone kaburbura, ya kuma mutu a asibitin masu taɓin hankali a 1984. Daga labarinsa aka tsinci wani abu na makasan Psycho na 1960, The Texas Chain Saw Massacre na 1974 da The Silence of the Lambs na 1991. Na 1974 ɗin ma an tallata shi a matsayin labarin gaske, alhali mutanen ciki da abin da ya same su duk ƙagagge ne.

Fim ɗin laifin gaske na ainihi daban yake: sunaye, garuruwa da ranaku duk na gaske ne. Misali shi ne In Cold Blood na 1967, daga littafin Truman Capote kan kisan mutum huɗu 'yan gida ɗaya a Kansas a 1959, da Zodiac na 2007 kan makashin Kalifoniya da har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba.

A nan ne ake ta da jijiyar wuya. Fatalwa ba ta da dangi, amma wanda aka kashe yana da uwa da ƙanne a raye. Lokacin da Netflix ta saki shirinta kan Jeffrey Dahmer a Satumban 2022, mutumin da ya kashe maza 17 tsakanin 1978 da 1991, wasu daga dangin mamatan sun ce ba a tuntuɓe su ba, kuma an fama musu ciwo. Masu shirin sun ce sun nemi dangin ba su samu amsa ba. Da Halowin ɗin shekarar ya gabato, kasuwar intanet ta eBay ta riƙa cire kayan shigar kwaikwayon Dahmer da ake tallatawa a shafinta don bikin, bisa dokarta da ta hana sayar da abin da ke ɗaukaka masu ta'asa.