Ƙungiya Ta Sha Da Ƙyar: Yaya Ake Gyara Ta Kafin Sabuwar Kaka?

Da zarar an hura usur na ƙarshe a gasar firimiyar Najeriya, musun gidajen kallo na Agege, Idi-Araba da Obalende a Legas yakan koma kan wa za a kora da wa za a sayo. Ga tambayoyin da magoya baya suka fi maimaitawa, da amsoshinsu kamar yadda masu tafiyar da ƙungiyoyi suke duban lamarin.

Kaka ta ƙare, ƙungiya ta tsira da ƙyar. Da me ake farawa?

Da biro da takarda, tun kafin a kira ejan, wato dillalin 'yan wasa, ko ɗaya. Lokacin ba shi da yawa: kakar 2024/25 ta ƙare a watan Mayu, ta gaba ta fara a Agustan 2025, wato kusan mako goma sha biyu. Shida daga ciki na atisaye ne, biyu ko uku na hutun 'yan wasa. Abin da ya rage wa masu tsari bai fi mako huɗu ba.

A makon farko ake zama da bidiyon wasanni 38 a rarraba ƙwallayen da aka ci ƙungiyar. Nawa ne a gida, nawa a waje? Nawa suka shiga daga bugun kusurwa, bugun tazara da fenariti? Nawa suka shiga bayan minti na 75? Kowace amsa da maganinta daban. Idan kusan rabi daga bugun kusurwa da na tazara ne, matsalar rashin tsawo ne da rashin tsarin riƙe mutum, ɗan baya dogo ɗaya da atisaye na iya magance ta. Idan a ƙarshen wasa ake yawan zura mata, to ƙarfin jiki ne ya gaza ko benci ba shi da kowa. Sayen ɗan gaba mai tsada ba zai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma shi ne abin da aka fi gaggawar yi saboda shi ke kwantar da hayaniyar magoya baya.

Sai a fitar da mintocin da kowane ɗan wasa ya buga. Kaka tana da minti 3,420. Wanda bai kai 500 ba alhali lafiyarsa ƙalau, koci ya riga ya yanke hukunci a kansa ko da bai furta ba.

Me zai hana a sallami kowa a sake sabon zubi?

Wannan ita ce cutar da ta fi yaɗuwa a gasarmu: ƙungiya ta saki mutum ashirin a mako guda, ta kwaso ashirin. Illarta uku ce. 'Yan baya da mai tsaron gida suna buƙatar watanni kafin su san motsin juna, wa ke fita tarar ƙwallo, wa ke tsayawa, kuma maki da aka zubar a wasanni goma na farko ba sa dawowa. Na biyu, ba kowane saye ke yin kyau ba, ko a Turai, don haka wanda ya sayi ashirin ya tara wa kansa kurakurai masu yawa a lokaci ɗaya. Na uku, duk wanda aka kora da sauran kwantiragi bashi ne a wuyan ƙungiya.

Ba sai an je nesa neman misali ba. Remo Stars da ke Ikenne, nan kusa da Legas, ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023 da 2024, sannan ta ɗauki kofin a 2025, kakanni ukun ƙarshe duk a hannun koci ɗaya, Daniel Ogunmodede. Hawa-hawa ta yi. Ƙungiyar da ke fama ta riƙe mutum 14 zuwa 16 da suka fi buga wasa, ta kawo sababbi shida zuwa takwas, uku ko huɗu daga ciki waɗanda za su shiga sahun farko kai tsaye.

To wa ake riƙewa, wa ake saki?

A jera sunayen duka da shekaru, albashi, ranar ƙarewar kwantiragi, mintoci da kwanakin jinya. Daga nan suna rabuwa kashi uku: ƙashin bayan ƙungiya, waɗanda za a iya sayarwa ko ba da aro, da waɗanda za a rabu da su.

Kashi na farko ne ke buƙatar sauri. Dokar FIFA ta ba ɗan wasa damar sa hannu da wata ƙungiya idan saura wata shida ko ƙasa da haka kwantiraginsa ya ƙare. Da yake ƙungiyoyinmu sun saba da kwantiragin shekara ɗaya, ɗan wasan da ya haskaka yakan gama magana da wata ƙungiya tun ana tsakiyar kaka, shugabanni ba su sani ba. Wanda ake so a riƙe, a ba shi shekara biyu ko uku tun kafin lokacin. Iyakar da doka ta sa ita ce shekara biyar, wanda bai kai 18 ba kuma shekara uku.

Wanda za a saki da sauran kwantiragi, a zauna da shi a rubuta yarjejeniyar rabuwa, a biya abin da aka amince, a ba shi takardar sallama da wuri domin ya samu wani wurin. Riƙe takardar don a matsa masa ya yafe haƙƙinsa yakan ƙare a gaban kwamitin sasanci, kuma labarin yana riga ƙungiyar isa kasuwa.

Mutum nawa ya kamata a yi wa rajista?

Ba dole ba ne a cike duk guraben da hukumar gasa ta bayar. Mutum 27 ko 28 sun isa: masu tsaron gida uku, 'yan baya tara, 'yan tsakiya takwas, 'yan gaba da na gefe bakwai ko takwas. Huɗu ko biyar su zama matasa 'yan ƙasa da 21. Tun da canji biyar ya zama doka ta dindindin a 2022, kusan rabin waɗanda suka fara wasa ana iya sauya su, saboda haka mutum na 14 da na 15 sun ƙara daraja. Na 35 kuwa albashi kawai yake ci, yana zaune yana gunaguni a sansani.

Wane gurbi aka fi buƙatar cikewa da farko?

Tsakiyar fili daga baya zuwa gaba: mai tsaron gida, ɗan baya na tsakiya mai iya magana da tsara abokansa, lamba shida (ɗan tsakiya mai kare 'yan baya), sannan lamba tara (ɗan gaba mai zura ƙwallo). 'Yan gefe masu gudu sun fi sauƙin samu a ƙasar nan, su ne na ƙarshe.

Dalilin yana cikin lissafin gasar. Ƙungiyoyi 20 ne, huɗu na ƙasa suna faɗawa gasar NNL, wato rukuni na biyu, kuma cin wasa a waje abu ne mai wuya. Maki 40 da ake cewa yana tsirar da ƙungiya a Ingila ba abin dogaro ba ne a nan, tun da kusan kowa yana cin wasannin gidansa. Ɗauki ƙungiyar da ta ci 12 daga 19 a gida, ta yi kunnen doki a biyar: maki 41 ke nan. Idan ta je waje ta ci ɗaya, ta yi kunnen doki a shida, ta kai 50. Idan kuwa maki uku kacal ta tsinto a waje, tana kan 44, hankalinta a tashe har ranar ƙarshe. Kunnen dokin waje mai tsaron gida da 'yan baya ne ke kawo shi, shi ya sa kuɗin farko nasu ne.

Suna ba ya hana faɗuwa. Kano Pillars mai kofi huɗu ta faɗi a 2022, tare da MFM ta nan Legas wadda ta zo ta biyu a 2017. Sporting Lagos ta hau a 2023, ta sauka a 2024.

Gwajin kowa-da-kowa yana da amfani?

Kaɗan. Ka tara yara ɗari biyar a fili na kwana uku, kowa ya samu minti ashirin, abin da za ka gani shi ne mai son nuna kansa. Ɗan bayan da aikinsa ya tsaya inda ya dace ba ya fitowa a irin wannan taro. Yana da amfani wajen cike ƙaramar ƙungiya, ba sahun farko ba.

Wuraren da suka fi ba da riba su ne ƙungiyoyi huɗun da suka faɗi, domin kowace tana da mutum biyu ko uku da suka fi ƙarfin NNL, sai 'yan wasan NNL ɗin kansu da aka bi tun ana kaka, sai makarantun horar da matasa da suka cika Legas da Ogun. Kafin a sayi mutum a kalle shi a cikakkun wasanni aƙalla biyar, biyu daga ciki a waje. Gajeren bidiyon da ejan ke turowa a WhatsApp ba ya nuna abin da ɗan wasa ke yi idan ƙwallo ba ta ƙafarsa. A kuma kira tsohon kocinsa a tambayi halinsa a sansani.

A duba rajistarsa: doka ta yarda a yi wa ɗan wasa rajista da ƙungiyoyi uku a kaka guda, amma biyu kawai zai buga wa. Wanda ke zuwa daga Kamaru, Gana ko Nijar sai takardar izininsa ta ƙasa da ƙasa ta fito ta TMS, manhajar FIFA ta sauyin sheƙar 'yan wasa, kuma hakan yakan ɗauki kwanaki, don haka ba a barinsa sai makon ƙarshe.

Yaya ake raba kuɗin?

Albashin kaka gaba ɗaya aka fara warewa, sai tafiye-tafiye da alawus, abin da ya saura shi ne na saye. Mafi yawan ƙungiyoyi a juye suke yi: su zuba kuɗi a kuɗin sa hannu a Yuli, zuwa Janairu albashi ya tsaya. Dokar FIFA ta ce idan ɗan wasa yana bin albashin wata biyu, ya rubuta wa ƙungiya ya ba ta kwana 15 ba ta biya ba, yana da hurumin soke kwantiragi ya tafi, ya kuma nemi diyya. Bashin da aka yanke hukunci a kansa ba a biya ba yana iya jawo hana ƙungiya rajistar sababbin 'yan wasa. Kuɗin sa hannu gara a raba shi biyu ko uku, a ɗaura wani kaso da yawan wasannin da aka buga.

Legas tana da nata kuɗin ɓoye. Albashin da ke riƙe ɗan wasa da iyalinsa a Katsina ko Bauchi, haya da kuɗin mota za su cinye shi a nan. Ƙungiyar da ke wasa a filin Mobolaji Johnson da ke Onikan, ɗan wasanta kuma yana kwana a Agege ko Ikorodu, ta sani cewa zai iso atisaye ya riga ya gaji a cunkoso. Masauki kusa da filin atisaye da abinci sau uku sun fi ƙarin albashi tasiri, musamman ga yaron da aka ɗauko daga Arewa wanda bai san garin ba. Tafiya ma haka: daga Legas zuwa Kano kusan kilomita dubu ce, Maiduguri ta fi haka nisa sosai. A zaɓi wasanni mafi nisa tun yanzu a ware musu kuɗin jirgi.

Gwajin lafiya dole ne, ko ɓata kuɗi ne?

Dole ne, kuma kafin sa hannu, domin doka ba ta yarda a soke kwantiragi ba don an gano ciwo daga baya. A yi gwajin zuciya na ECG da hoton zuciya, gwajin jini, a duba gwiwa, idon sawu da tsokar bayan cinya, a nemi tarihin jinya. Mutanen Legas ba su manta da Samuel Okwaraji ba, wanda ya faɗi ya rasu a babban filin wasa na Surulere a 1989, kuma a 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya rasu bayan ya faɗi ana cikin wasa a garin Lafiya.

Idan za a canja koci fa?

A canja shi a makon farko ko a bar shi. Kocin da aka kawo bayan an gama saye zai tarar da 'yan wasan da ba su dace da tsarinsa ba, ya nemi nasa, a biya sau biyu. Amma shi ma kada a sakar masa kasuwa shi kaɗai. Ya faɗi irin ɗan wasan da yake so a kowane gurbi, mai bin diddigin 'yan wasa ya kawo sunaye uku, shugabanni su ce wanne aljihu zai ɗauka.

Ƙungiyar waje ta zo neman matashinmu mafi kyau. A sayar?

Idan ya kai 18, domin ƙasa da haka doka ta hana fita waje sai a 'yan wasu yanayi. A sayar da wuri, bayan an riga an san wanda zai maye gurbinsa, kuma a rubuta kaso na abin da za a sake sayar da shi nan gaba. A adana takardun rajistarsa tun yana yaro: duk lokacin da aka saye shi daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba shi ga ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. Wanda ba shi da takarda ba ya samun ko kobo.

Yaya makonni shidan atisaye suke tafiya?

Biyun farko na gina ƙarfi ne, amma da ƙwallo a ƙafa, ana ƙara nauyi sannu a hankali. Gudun yashi a bakin teku tun ranar farko kan iya kawo tsagewar tsoka. Mako na uku da na huɗu tsari ne da bugun kusurwa, da wasannin sada zumunta da ƙananan ƙungiyoyi, kowa minti 45 sannan 60. Biyun ƙarshe a kara da ƙungiyoyin firimiya, sahun farko ya buga minti 90 aƙalla sau biyu. Tun da Yuni da Yuli damina ce mai ƙarfi a Legas, a tanadi fili na biyu da ruwa ba ya kwanciya a kansa. Filin Onikan ciyawar roba ce, don haka wasu wasannin gwajin a je a buga su a kan ciyawar gaske, irin wadda za a tarar a wasu filayen waje. Wanda aka sayo bayan mako na uku kada a sa rai da shi a wasannin farko na kaka, sai ya cike makonnin da ya rasa.