Zuwa kufan 'yan zuhudu a Ailan lokacin hunturu: tambayoyi da amsoshi

Wai me ake gani a wurin ne?

Kufai ne na wuraren da 'yan zuhudun Kirista suka zauna suna ibada da karatu da kwafar littattafai da hannu, tun wajen ƙarni na 6. Wanda ya fi sauƙin zuwa shi ne Glendalough a yankin Wicklow, kamar kilomita 50 kudu da Dublin, wanda Saint Kevin ya kafa, akwai wata hasumiya mai zagaye da ta kai mita 30, ƙofarta ma a sama take ba a ƙasa ba. Sai Clonmacnoise a bakin kogin Shannon, Saint Ciarán ne ya kafa shi a shekarun 540, ya sha harin Vikings, mahara daga arewacin Turai, har dai sojojin Ingila suka ƙarasa shi a 1552.

To ba wahala ba ce zuwa da sanyi?

Akwai wahala kam, amma ba ƙanƙara ce matsalar ba, ruwa ne da iska, irin yayyafin nan da baya tsayawa kuma ƙasa duk laka da duwatsu masu santsi, saboda haka takalmi mai hana ruwa ya fi wata ƙatuwar riga amfani. Babban abin lura shi ne rana, a Disamba sai kusan 8:30 take fitowa, ƙarfe 4 da ɗan wani abu ta faɗi, in ka yi nawa ka iso da duhu. Azahar da la'asar da magariba duk a jere suke zuwa, sai mutum ya tsara.

Ribar kuwa, babu cunkoson 'yan yawon buɗe ido, ka tsaya ka duba sassaƙen da ke jikin gicciyen dutse ba mai tura ka. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa dalili.

Skellig Michael fa?

Manta da shi. Tsibiri ne a cikin teku da shi ma yake da kufan 'yan zuhudu, kwale-kwale na kai mutane ne daga Mayu zuwa farkon Oktoba kawai.

Bizar Schengen za ta yi?

A'a, Ailan ba ta cikin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizarta daban. Kuma a duba lokacin motar bas ta St Kevin's mai zuwa Glendalough daga Dublin kafin a fito, zirga-zirgarta ba yawa.