Yadda kwamfuta ke gane ka canza fayil, ta sake gina shafinka da kanta

Me ya kawo buƙatar wannan tun farko?

Burauza HTML da CSS da JavaScript take karantawa. Mafi yawan masu gina shafuka a yau kuwa da Sass ko TypeScript ko JSX suke rubutu, kuma sai an juya su zuwa abin da burauza ke ganewa, a haɗe fayiloli, a matse su. Idan da hannu kake yi, duk gyaran da ka adana sai ka koma ka buga umarni. Wata rana za ka manta, ka yi ta neman kuskure a shafin da bai ma ɗauki gyaranka ba. Shi ya sa ake ɗora manhaja mai sa ido a kan fayiloli, da zarar ɗaya ya canza ta tayar da aikin ginin.

Ta yaya manhajar ke sanin an taɓa fayil?

Hanya biyu ce. Ta farko, tsarin kwamfutar da kansa ne ke ba ta labari. A Linux akwai inotify tun 2005, a Mac akwai FSEvents da ya zo a 2007, Windows kuma tana da ReadDirectoryChangesW. Manhajar za ta yi rajistar foldar da take so, ta zauna shiru har a taɓo ta. Ta biyu ita ce zagayen dubawa: bayan kowane ɗan lokaci ta bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya tana duba lokacin da aka canza su, kamar mai gadi da ke zagaya gida da tocila duk dare. Wannan tana aiki kusan ko'ina, amma tana cin ƙarfin kwamfuta.

Da yake kowane tsari da irin halinsa, Paul Miller ya fitar da chokidar, wata manhajar sa ido a kan fayiloli, a 2012 don ya daidaita su, kuma kayan aiki irin su Gulp da nodemon da Vite duk a kansa suka dogara.

Wane kayan aiki ya kamata in ɗauka?

Grunt na Ben Alman, wanda ya fito a 2012, shi ya yaɗa wannan ɗabi'a ta hanyar grunt-contrib-watch, sai Gulp ya biyo baya da gulp.watch. Idan ka gaji tsohon aiki da ke kansu, bar shi, yana yi. Amma sabon aiki ban ga dalilin komawa can ba. Ƙaramin shafi `sass --watch` ko `tsc --watch` ya ishe shi. Babban aiki kuwa Vite, wanda Evan You ya fitar a 2020, ko webpack. Mai rubuta sabar Node yana da nodemon, kuma tun 2022 Node kanta tana da `node --watch`.

Ya ake yi shafi ya sabunta ba tare da na danna komai ba?

Sabar gwaji tana cusa 'yar guntuwar JavaScript a shafin, wadda ke riƙe da layin WebSocket, wato hanyar saƙo tsakanin burauza da sabar, a buɗe. In an gama gini sai sabar ta aika saƙo. Tsohon salo shi ne a sake loda shafin gaba ɗaya. Sabon salon kuwa, wato HMR (Hot Module Replacement), guntun da ya canza kawai yake musanyawa, don haka sau da yawa fom ɗin da ka cika rabi ba ya gogewa.

Ginin yana ta maimaita kansa ba ya tsayawa. Me na ɓata?

Galibi ka sa ido ne a kan foldar da ginin ke zuba sakamakonsa. Gini ya rubuta fayil a wannan folda (galibi sunanta dist), mai sa ido ya ga canji, ya sake tayar da gini, haka za a yi ta yi. Ka taƙaita sa idon a src, foldar fayilolin da kake rubutawa, ka cire dist da node_modules (foldar manhajojin da ka sauke) da .git (inda ake ajiye tarihin gyare-gyare).

Akwai kuma inda adanawa ɗaya ke tayar da gini sau biyu ko uku. Wasu editoci sukan rubuta fayil na wucin gadi tukuna, sannan su canza masa suna ya maye gurbin na asali, sai tsarin ya ƙirga hakan a matsayin canje-canje da dama. Maganinsa ɗan jinkiri, a tara saƙonnin kafin a fara aiki. A webpack sunan saitin aggregateTimeout.

Na adana amma shiru, babu abin da ya motsa fa?

Duba tagar umarni. Idan a Linux ka ga ENOSPC tare da maganar yawan masu sa ido, ba faifanka ne ya cika ba, iyakar inotify ka kai. A tsofaffin tsare-tsare 8192 ce, kuma node_modules kaɗai na iya cinye ta. Fara da cire wannan folda daga sa idon, in bai isa ba ka ɗaga `fs.inotify.max_user_watches`.

Idan babu wani saƙo ko kaɗan, tambayi kanka inda fayilolin suke zaune. A WSL2, wato Linux da ke gudana a cikin Windows, aikin da ke ƙarƙashin /mnt/c (faifan C na Windows) ba ya samun sanarwa idan daga ɓangaren Windows aka yi gyaran, haka ma faifan da ake rabawa ta hanyar sadarwa. Za ka iya kunna saitin `usePolling` na chokidar ka koma zagayen dubawa, amma fankar laftof za ta yi ta kuka, batir ya riƙa zuba, abin da ba wasa ba ne ga wanda wutarsa ba ta da tabbas. Ga mai WSL2, gara ya kwashe aikin ya mayar cikin foldar gida ta Linux, sanarwar ta dawo.