Manja Ba Ya Kashe Guba a Cikin Yaro

An daɗe ana cewa idan yaro ya sha ruwan bilic, ko maganin wanke banɗaki, ko sodar yin sabulu, a ɗura masa manja ko madara, ko a sa masa yatsa a maƙogwaro ya yi amai. Masu yin haka ceton rai suke nufi, kuma abin da suka taso suka gani ke nan.

Sai dai manja ba ya kashe guba. Soda da sinadarai masu ƙarfi suna ƙona maƙogwaro lokacin da suke sauka, idan aka tilasta amai kuma su sake ƙona shi wajen fitowa. Ga yaro yana kuka ana ɗura masa mai, sai ya shaƙe, man ya gangara huhu ya jawo ciwon huhu mai tsanani. Wannan haɗarin ya fi yawa idan kananzir ya sha.

Maimakon haka, a kurkure masa baki, a cire rigar da ta jiƙe. Idan gubar ta shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta na minti 15 ko fiye. Sannan a garzaya asibiti tare da kwalbar, ko da an ga kamar ya warware.

Kowa zai iya tabbatarwa: a karanta gargaɗin da ke bayan kwalbar, ko a tambayi ma'aikacin lafiya tun kafin ɓacin rana. Kuma a daina juye irin waɗannan ruwaye a gorar lemo.

Don Allah a tura wa iyaye da masu reno wannan bayani.